Awarwaro a Bayan Muryar Likita

Duk wanda ya tambaye ni aikin da nake yi, nakan ce masa buga takardu nake a kwamfuta, mu rabu lafiya. In na tsaya dogon bayani sai a fara yi mini kallon wadda ke hira da mutanen ɓoye. Wata maƙwabciyata a nan Nguru, Babarbariya mai sayar da turaren wuta, ta taɓa leƙowa ta taga ta gan ni ni kaɗai, kunnuwa a toshe, yatsu suna ta gudu, ina gyaɗa kai. Washegari sai ga ta da ƙullin turare, wai in riƙa hayaƙa ɗakin. Na karɓa abina, turare ai ba a ƙinsa.

Aikin kuwa ga yadda yake. Likita zai duba mara lafiya, maimakon ya zauna rubutu sai ya ɗauki wayarsa ya faɗi abin da ya gani da Turanci, da abin da gwaji ya nuna, da maganin da ya bayar. A turo mini muryar, ni kuma in sa abin ji a kunne in mayar da ita rubutu. Wani ƙaramin kamfani ne a Kano yake karɓo aikin ya rarraba mana. Ban taɓa ganin ofishinsu ba, matar da ke duba aikina ma muryarta kawai na sani.

Ban yi karatun likita ba, kada a ɗora mini abin da ban ɗauka ba. Difloma ce da ni ta aikin sakatariya, sai hannu mai sauri. Sauran duk a intanet na tsinto. Akwai shafin sunayen magunguna, akwai dandalin da masu irin aikinmu daga ƙasashe ke tambayar juna in wata kalma ta gagara, sai kuma babban abokin zamana, ƙamus na kalmomin asibiti. Shi wannan yana da wani ɗan maɓalli, in ka danna sai wata Baturiya ta furta maka kalmar. Muryarta ba ta hawa ba ta sauka. Ko ƙaiƙayin fata ne, ko ciwon da ba a tashi, da murya ɗaya take faɗa. Da farko har zaginta nake, in ce ke wace iri ce, ba ki da uwa ne? Daga baya na saba da ita.

Kafin a ba ni aiki sai da na sa hannu cewa abin da kunnena ya ji ba zai fita ta bakina ba, ko ga mijina. Ba a ambaton sunan mara lafiya, lamba ake ba shi. Muryar kuma ba a sauke ta a ajiye, a shafinsu ake saurare, da ka miƙa aikin ta ɓace, ba ka sake jinta.

Da na ɗan ƙware sai aka ware mini aikin wani asibitin kuɗi a Gashuwa, na wani likita mai duba masu ciwon ƙoda. Kowa a yankinmu ya san yadda ciwon nan ya addabi Gashuwa. Wasu su ce ruwa ne, wasu su ce maganin feshi, ni dai ban sani ba. Dalilin ba ni aikin shi ne likitan nan yana da wata ɗabi'a: tun shigowar mara lafiya yake kunna wayar ya ajiye a kan tebur, sai an gama gaisuwa da tambayoyi da Hausa sannan ya juya Turanci. 'Yan Kano suka ce Hausar Badawa da Barebari tana ba su ciwon kai, ba sa gane inda hira ta ƙare aiki ya fara. Ni da na tashi a ciki aka ce in ɗauka. Maganar likita kawai zan rubuta, ta marasa lafiya in bar ta ta wuce.

Bawan Allahn nan kuma ba ya turo aiki a kan lokaci. Sai wayarsa ta cika ta fara kuka sannan ya juye gaba ɗaya, na jiya da na watan jiya a cakuɗe. Kafin abu ya iso kunnena ya yi makonni, wani lokaci fiye.

Da rana nake aiki, daga hantsi zuwa azahar, lokacin da sola ke da ƙarfi, yara suna makaranta, maigida yana kasuwar kifi. Wanda bai san tsakar ranar Nguru da bazara ba bai san shiru ba. Kaji su buɗe baki a gindin randa, titi ba kowa, ko kurciya sai ta yi kuka ɗaya ta haƙura. Kakata wadda ta raine ni ba ta barinmu fita a wannan lokaci. Takan ce rana tsaka ba ta mutane ba ce, in kika ji an kira sunanki ba ki ga mai kiran ba, ko muryar wa kika ji, kada ki kuskura ki amsa. Na girma, na yi boko, ina amfani da intanet, amma har yau in aka kira ni daga bayan katanga sai na leƙa tukuna.

A irin wannan shirun nake zama da mutanen da ban taɓa gani ba. Akwai wani tsoho Babade, manomin tattasai, mai barkwanci. Kullum sai ya tsokani likita, wai yaushe zai ƙara aure. Na san tarinsa, na san yadda yake jan kujera. Wata rana na buɗe aiki, ba gaisuwa ba komai, likita ya faɗi lambar tsohon ya ce ya rasu. Na yi salati, na rubuta, na miƙa. Bayan kwanaki sai ga wani tsohon aiki da ya maƙale ya iso. Ina dannawa na ji an ja kujera, na ji tarin nan, sai ga shi yana dariya a cikin kunnena, yana cewa in kaka ta yi zai kawo wa likita buhun tattasai har gida. Na cire abin jin na duba bayana, wallahi sai da na duba. Sannan na zauna na buga cewa mara lafiya yana samun sauƙi, da yatsun da suka riga suka buga rasuwarsa.

Tun daga ranar, duk muryar da na ji nakan tambayi kaina, wannan yana nan kuwa?

To, bari in kawo maganar mahaifiyata. Mu Fulanin gida ne, kakanninmu suka zauna a Nguru saboda kasuwar shanu. Ni ce 'yar fari, kuma wanda ya san mu ya san abin da wannan ke nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. In ta kama dole sai ta ce "waccan". Ba ta kallon idona, ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ranar aurena ma gidan maƙwabta ta tafi. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba, Adda nake cewa, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma sani daban, zuciya daban. Ina ƙarama nakan laɓe in ji yadda take kiran ƙanena, tana jan sunansa, in koma bayan ɗaki in yi ta cizon yatsa.

In tana son gaya mini magana, ga wata jar akuya da ke ɗaure a tsakar gida. Sai ta dube ta ta ce, "Akuya, wasu dai sun rame, ko ba a dafa abinci a gidansu?" Ni kuma in dubi akuyar in ce ana dafawa. Akuyoyi sun zo sun wuce a gidan nan, kowacce ta yi mana wannan aikin.

Bayan rasuwar mahaifinmu tana zaune da ƙanena da matarsa. A shekarar da nake magana sai ta tsiri zuwa Gashuwa, wai wajen ƙanwarta, Yafendo. Ta hau mota ta bi ta Jajimaji, ta kwana biyu, ta dawo da shinkafa da tattasai. Muka ce zumunci ne na tsufa, har muna tsokanar Yafendo ta ƙwace mana ita.

Ran nan da rana tsaka na buɗe wani aiki mai sabuwar lamba. Ƙofa ta buɗe a kunnena, aka yi sallama ƙasa-ƙasa, aka ja kujera. Sai na ji ƙarar awarwaro.

Mata masu awarwaro ba su ƙirguwa, na sani. Amma na Adda na azurfa ne, gadon kakata, kuma ɗaya a cikinsu ya tsage tun ina yarinya. Sauran su yi ƙara mai daɗi, shi ya biyo baya da wata 'yar ƙara busasshiya. Da wannan ƙarar nake gane tana zuwa tun kafin in iya magana. Yatsuna suka tsaya a kan maɓallai.

Likita ya ce, "Inna, ya jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi."

Ita ce. Ya tambaye ta kumburin ƙafa, ta ce da sauƙi. Ya tambaye ta fitsari, ta yi shiru, Yafendo ce ta amsa daga gefe. Ya ce, "Yaranki sun san kina zuwa nan?"

"Yara suna da abin da ya dame su."

"Babban cikinsu fa? Ya kamata wani ya sani."

Awarwaro suka motsa. Ta ce, "Waccan aiki ya yi mata yawa."

Wallahi haushi ne ya fara zuwa mini kafin tsoro. Aiki ya yi mini yawa! Ga aikin nan ai, ga ki a cikinsa! Sai likita ya gyara murya ya juya Turanci, ita tana zaune a gabansa ba ta jin ko ɗaya. Ya faɗi sakamakon gwajin jini, ya faɗi wasu kalmomi uku a jere. Na san su, na sha buga su a kan mutanen da ban sani ba. Duk da haka na buɗe ƙamus, ko Allah zai sa yau ma'anar ta canja. Na danna maɓallin, Baturiyar nan ta furta mini su da muryarta ta kullum. A ƙasa aka rubuta cewa ƙoda ta kai matakin ƙarshe, ba ta komowa, sai dai wanki da inji ko dashe.

Na buga aikin har ƙarshe, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Na miƙa, muryar ta ɓace. Na yafa mayafi na fita cikin ranar nan.

Na same ta a inuwar ɗaki tana tsintar shinkafa. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, ta amsa tana kallon faifai. Abin da na fara lura da shi, hannunta yana motsi amma ba ƙara. Awarwaron sun nutse a cikin kumburi, sun kama damtse kamar an ɗaura su. Sai a lokacin na tuna muryar da na ji ta makonnin baya ce. Wadda ke kunnena ta fi wadda ke gabana lafiya.

Me zan ce? In ce na ji, na karya amanar da na sa wa hannu, kuma na tona abin da ta rufe da kanta. In ma babu amana, ta ina zan fara? Shekara talatin da wani abu ban taɓa yi mata tambaya kai tsaye ba. Abin da nake so bai fi ta dube ni ta ce ba ni da lafiya, ni kuma in ce na sani, ina nan. Wannan kaɗai. Na zauna har la'asar ina kallon akuya, na tashi na tafi.

Sai na koma wajen abin da na iya. Na bi shafukan intanet ina karanta abin da mai ciwon ƙoda zai ci da wanda zai bari. Gishiri a rage, kanwa a bari, dunƙule a bari, bandar kifi a yi hankali. Adda kuwa in miya ba ta ji kanwa ba, ba ta kiranta miya. Washegari na dafa tuwon shinkafa da miyar da ni kaina da na ɗanɗana sai da na yamutse fuska, na ɗauka da kaina na kai. Na ce wa matar ƙanena daga yau abincin Adda a wuyana, lada nake nema. Ta ce Allah ya ba da lada, da alama ma ta ji daɗi.

Adda ta buɗe kwano, ta kai loma ɗaya. Ta daɗe tana taunawa. Sannan ta dubi akuya ta ce, "Akuya, wasu dai sun manta hanyar masu gishiri."

Na ce, "Akuya, an ce gishiri ba ya yi wa manya kyau."

Na ga ta ɗago ido ta kai shi har wajen ƙafata, iyakar inda yake zuwa ke nan, ta mayar. Ta cinye abincin.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka kira maƙeri ya buɗe awarwaron, don sun fara cin fata. Ta ce wa ƙanena ƙiba ce, ya yi dariya ya ce shinkafar Gashuwa ta karɓe ta. Ta ƙulle su a haɓar zane.

Daga nan rayuwata ta rabu biyu. Da yamma ina ganin Adda a tsakar gida tana ƙara kumbura, tana cewa da sauƙi. Da rana ina jiran Addar da ta wuce ta iso kunnena. In na ga lambarta a jerin aiki nakan bar ta ƙarshe, in yi alwala tukuna.

A zuwa na gaba da ya iso mini, bayan likita ya gama tambayoyinsa sai na ji ta ce, "Likita, wannan abin da kake ajiyewa a tebur, in ka gama magana wa ke ji?"

Ya ce, "Masu rubutawa ne a kwamfuta, Inna. Ba sa sanin sunanki, kada ki damu."

"A ina suke?"

"Kano ake turawa. Amma an ce mai yi mana namu 'yar yankin nan ce, tana jin Hausarmu."

Sai ta ce, "To." Na ji motsin zane, na ji ana kwance ƙulli. Sai ga ƙarar awarwaro dab da wayar, kusa ƙwarai, har da busasshiyar nan ta ƙarshe. Ba a hannunta suke ba, na sani, ni na ga maƙeri ya cire su. Kaɗa su ta yi.

Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun rasuwar kakata. Ta gane, kuma so take in san ta gane.

Tun daga ranar Adda ta zama mai surutu a gaban likita, matar da ke amsa tambaya da kalma biyu. Ya tambaye ta barci, ta ba shi labarin ruwan da aka yi shekarar da ta yi haihuwar fari, yadda fadama ta cika har aka riƙa kai shanu tudu da dare. Ya tambaye ta cin abinci, ta ce akwai wadda ke kawo mata miya marar daɗi, Allah ya yi mata albarka. Likita yakan ce, "To, Inna, to," yana son ya wuce. Bai san ba da shi ake ba. Ni kuwa ba na rubuta ko ɗaya, maganar marasa lafiya ba ta cikin aikina. In saurara, in mayar baya, in sake saurara, sai matar Kano ta fara tambaya sannan in miƙa.

Likita ya yi wa Adda maganar wankin ƙoda, ta ce a'a. Na ji wannan na tashi da zafina. Na karanta duk abin da zan iya karantawa a kai har idona ya yi ja, na je gida na tsaya a kan akuya. Na ce, "Akuya, an ce wankin ƙoda ba yanka ba ne. Kwanciya mutum zai yi, inji ya yi aikinsa, ya tashi ya koma gida. Mutane suna yi suna ganin jikokinsu." Matar ƙanena da ke wanke-wanke ta dube ni, ta dubi akuyar, ta ce ikon Allah. Adda tana jan carbi, ko gezau.

Amsar sai da ta yi makonni kafin ta iso kunnena. "Likita, akwai mai gaya wa akuya cewa ba yanka ba ne. Na ji, kuma na gode. Amma na ga maƙwabcin ƙanwata, ana kai shi ana dawowa da shi, har ya daina gane ƙofar gidansa. Ni a ɗakina nake so. Kada a ji haushina."

Likita ya ce, "Wace akuya kuma, Inna?"

Na ji haushinta mana! Ta ce kada a ji, na ji. Ranar na ce yau sai an yi ta, kunya ba za ta kashe mini uwa ina kallo ba. Na shiga har cikin ɗakinta, abin da ban saba ba. Tana kwance, numfashinta yana fita da ƙyar, ɗakin yana wani wari da na karanta sunansa a ƙamus. Na durƙusa a bakin gado na ce, "Adda." Ta juyar da fuska bango ta ce, "Kamar ana kiran salla." Ba a kira ba, da saura. Na gyara mata mayafi a ƙafa na fito.

Da ruwan farko ya sauka jikin ya rikice, har ƙanena ya gane ba ƙiba ba ce. Yafendo ta zo daga Gashuwa ta faɗa masa gaskiya. Ya yi faɗa, ya yi kuka, ya kawo mota ƙofar gida, Adda ta ce ba inda za ta. Ta rasu wata safiya da hantsi, a ɗakinta, yadda ta so. Ina wurin. Ta kira ƙanena da sunansa, ta kira matarsa ta ce a ba ta ruwa. Ni ce na riƙe kofin. Ta sha, idonta a kan hannuna. Na jira, Allah ya sani na jira. Ba ta ce komai ba.

Bayan sadakar bakwai Yafendo ta ja ni gefe ta sa mini ƙulli a hannu. Ta ce, "Ta ce a ba waccan." Awarwaron ne. Na karɓa ban ce uffan ba, don in na buɗe baki ba alheri ne zai fito ba. Har a wasiyya ma waccan.

Da zaman makoki ya watse na koma aiki, zama ba ya ciyar da kowa. Damina ta kankama amma ranar ba hadari, rana ta take, gari ya yi tsit. Na buɗe jerin aiki, likita ya juye wayarsa. Can ƙasa na ga lambarta.

Na tuna tsohon mai tattasai. Na san abin da ke jirana, na san kuma zan iya mayar wa Kano in ce a ba wani. Na tashi na rufe taga, na dawo na buɗe ta. Sannan na sa abin ji na danna.

Ƙofa ta buɗe. Tafiyar a hankali take, Yafendo tana cewa sannu, sannu. Aka ja kujera. Likita ya ce ya jiki, matar da muka binne ta ce da sauƙi. Ya yi 'yan tambayoyi, sai aka ƙwanƙwasa, wata ma'aikaciya ta ce ana nemansa da gaggawa. Ya ce yana zuwa, ya fita ya bar wayar. Adda ta ce wa Yafendo ta je ta samo mata ruwa. Ƙofa ta sake rufuwa.

Daga nan sai numfashinta, da fanka tana juyi a sama. Na ji kujera ta matso. Numfashin ya ƙaru har ya cika mini kai, kamar ta kawo bakinta wajen kunnena. Ta yi gyaran murya. Ta fara, ta tsaya. Sai ta kira sunana.

Cikakke ta kira shi, a hankali, tana jan ƙarshensa yadda take jan na ƙanena. Ban taɓa sanin haka yake a bakinta ba. Sannan ta yi shiru, shiru mai ɗan tsawo. Bayan shirun ta ce, "Yawwa." Ƙofa ta buɗe, likita ya dawo yana ba da haƙuri.

Ban amsa ba. Jikina ne ya ƙi. Rana tsaka, ba kowa a gidan, an kira sunana ban ga mai kira ba, kuma na san inda mai muryar take kwance. Maganar kakata ta faɗo mini. Na fizge abin jin na fita tsakar gida, na tsaya cikin rana.

Kwanaki na riƙe aikin nan. Na buga maganar likita tsaf, ba kuskure ko ɗaya, amma na kasa miƙawa. Kullum in saurara, ta kira, in yi shiru, ta ce yawwa ga ba kowa. Wannan yawwar ita ta fi ci mini rai. Matar Kano ta bugo ta ce lafiya, aiki ɗaya ya tsaya, in ban miƙa zuwa la'asar ba za su janye shi. Na ce mata yanzu.

Na ɗauko ƙullin na zura awarwaron a hannuna. Na yi bisimilla, na ce Kaka ki yafe mini. Na mayar da muryar daidai inda ƙofa ta rufe. Fanka, kujera, numfashi, gyaran murya. Ta kira ni.

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta ce, "Yawwa."